Tambayi Kawu: Shirin Daren Da Ke Haɗa Don Williams Da Masu Ihu

Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan abu ɗaya suka taru, wato irin kiɗan da ƙananan gidajen rediyo ke sakawa idan dare ya yi. Na zaɓi biyar. Masu tambayar inda za su samu allurar garmaho su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

Kawu, barka da aiki. Ni tela ne a Dilimi, idan ɗinki ya yi yawa nakan kai tsakar dare a kan keke ina jin rediyo. Akwai wani shiri da nake kamawa a wata ƙaramar tasha. Mai gabatarwa zai sa Don Williams, rai ya yi sanyi, sai kawai ya biyo da wasu samari masu ihu da jita mai ƙara, kafin in kai hannu in rage murya har sun gama. Daga nan wani tsoho da jita ɗaya yana waƙa ta hanci, sai kuma Ɗan Maraya. Don Allah wannan shiri ne ko gwate? Ko yaron bai san aikinsa ba ne?

Ɗana, gwate ne. Amma kai ɗan Jos ne, ka san gwate ba tarkace ba ne, mai dafawa ta san lokacin zuba acca, ta san lokacin gauta da yakuwa. Yaron da ya jera maka waɗannan huɗun ya san aikinsa, ina ma zargin ya fi wasu manyan da ke karɓar albashi sani.

Don Williams ɗinka, kafin rasuwarsa a 2017, kantiri yake yi, kiɗan talakawan karkara na kudancin Amurka. A 1927 wani ma'aikacin kamfanin faifai mai suna Ralph Peer ya kai na'urar ɗaukar murya garin Bristol, kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia, ya ce duk mai waƙa ya zo. Mutanen ƙauyuka suka sauko daga duwatsu da gogensu da jitarsu. A wannan zama aka samo Jimmie Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da iyalan Carter, waɗanda daga gare su kantirin faifai ya kafu. Rediyo ne ya raine shi: tun 1925 tashar WSM ta birnin Nashville take watsa shirin daren Asabar da aka sani da Grand Ole Opry, har yau bai tsaya ba.

Tsohon mai waƙa ta hanci kuwa, in ba Woody Guthrie ba ne to ɗaya ne daga cikin masu bin sawunsa, irin su Bob Dylan. Wannan shi Turawa ke kira folk, mutum ɗaya da jitarsa da labari. Guthrie ɗan jihar Oklahoma ne. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura suka cinye gonakin yankin, manoma suka ɗaure kayansu a kan tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya neman aikin ɗibar 'ya'yan itace, can ma aka riƙa korarsu ana biyansu abin da bai kai na tuwo ba. Shi ya bi su yana waƙe abin da idonsa ya gani. Muryarsa ba ta da daɗi, kuma bai taɓa cewa tana da shi ba.

Yanzu masu ihun. Iri biyu ne, uba da ɗa. Uban shi ne rok ɗin gareji na shekarun 1960. Bayan 'yan Beatles na Ingila sun fito a talabijin ɗin Amurka a watan Fabrairun 1964, yaran sakandare ba adadi suka sayi jita mai araha, suka tattaru a garejin motar iyayensu suna ƙoƙarin kwaikwayo. Yawancinsu ba su iya ba, sai rashin iyawar ya haifar da wani sauti na daban, mai kaushi da gaggawa. Ƙungiya za ta yi ƙaramin faifai ɗaya, a sa shi a rediyon garinsu, sai a ɗebi ɗaya aikin soja, ɗaya ya yi aure, shi ke nan labari ya ƙare. Wadda aka fi sani a wannan layi ma ta riga zuwan Beatles: waƙar Louie Louie da 'yan Kingsmen suka ɗauka a birnin Portland a 1963. An rataye makirfo can sama, mawaƙin ya ɗaga kai yana ƙwala murya don a ji shi, har akwai inda ya shigo kafin lokacinsa, aka bar kuskuren a faifan. Da yake ba a jin kalmominsa, sai iyaye suka ɗauka batsa yake yi, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta shafe watanni tana sauraron faifan a hankali da sauri, daga ƙarshe ta ce ita ma ba ta gane me yake faɗi ba. Abin dariyar shi ne akwai ashar guda a ciki, wanda mai ganga ya yi daga baya da sanda ta kuɓuce masa, shi kuwa bai shiga rahotonsu ba.

Ɗan shi ne pank, na tsakiyar shekarun 1970. A lokacin manyan ƙungiyoyin rok sun zama attajirai, waƙa ɗaya ta kai minti ashirin, kayan kiɗa sai an cika tireloli. Matasan New York da Landan marasa aikin yi suka ce wannan ba namu ba ne, suka koma ga salon 'yan gareji suka ƙara masa gudu da fushi. Faifan farko na 'yan Ramones, na 1976, waƙoƙi 14 ne amma duka bai cika minti 30 ba. Ka ga dalilin da suke gamawa kafin hannunka ya isa rediyo. A Ingila wata 'yar mujallar matasa ta zana kamun yatsu uku a wuyan jita, ta ce wanda ya iya waɗannan ya je ya kafa ƙungiyarsa. A 1977, shekarar da Sarauniya ta cika 25 a kan gado, 'yan Sex Pistols suka yi mata waƙar zambo, BBC ta hana sakawa, waƙar ta hau ta biyu a jerin ciniki.

To me ya haɗa su? Babu ɗaya a cikin huɗun da ke buƙatar kuɗi ko takardar makaranta kafin a fara. Kayan kiɗa kaɗan, kamu uku, da mutum mai abin faɗa game da aiki da bashi da mace da gwamnati. Mai kantiri yana faɗa cikin haƙuri, ɗan pank yana faɗa da ihu, ƙorafin dai ɗaya ne. Shi ya sa yaron ya rufe da marigayi Ɗan Maraya, kuma a nan ne na sara masa. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Da wannan Adamu ɗan Bukuru ya waƙe yaron mota da lebura da yarinyar da aka yi wa auren dole, ya zaga ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2015. In ana maganar fitar da abu babba daga kayan aiki kaɗan, yaran Landan ɗin nan masu tsirkiya shida da lantarki ba su kama ƙafarsa ba.

Ban ce dole ka so su ba. Ni kaina in aka jera mini 'yan gareji uku, na huɗun nakan tashi in sha ruwa. Abin da za ka auna mai shirin da shi shi ne maganar da yake yi tsakanin waƙa da waƙa. Idan yana gaya maka wane ne wannan, daga ina, me yake kuka a kai, ka bar masa kunnenka.

Kawu, ni ɗaliba ce a sashen aikin jarida na Jami'ar Jos. Me ya bambanta rediyon al'umma da sauran gidajen rediyo? Kuma me ya sa ba a jin irin waɗannan shirye-shirye a manyan tashoshi?

'Yata, bambancin yana wajen mai shi da kuma wanda ke biyan kuɗin dizal. Tashar gwamnati tana duban fuskar gwamnati. Tashar kasuwa tana sayar da kunnuwan masu sauraro ga masu talla, don haka abin da ta fi tsoro shi ne ki murɗa zuwa wata tasha. Maganin wannan tsoro shi ne a riƙa juya waƙoƙin da kowa ya riga ya sani, a yawancin wurare ma kwamfuta ce ke jera su, mai gabatarwa gaisuwa kawai yake yi. Rediyon al'umma kuwa na mutanen yankin ne, ba don riba aka kafa shi ba, zangonsa gajere ne, yawancin masu aikinsa 'yan sa-kai ne. Wanda ba a biyansa albashi, da me za a riƙe shi? Da 'yancin ɗauko fayafayansa daga gida ya sa abin da ransa ke so. Daga nan irin shirin da telan can ya ji yake fitowa.

Abin ya samo tushe ne a Kudancin Amurka. A 1947 wani limamin coci ya buɗe Rediyo Sutatenza a wani ƙauyen Kolombiya yana koya wa manoma karatu, su kuma masu haƙar kuza na Boliviya suka riƙa yankar wani abu daga albashinsu suna gudanar da tashoshinsu. Duk sanda na tuna wannan sai in ce leburorin kuzarmu na Filato sun yi rashi. A Amurka tashar KPFA ta buɗe a Berkeley a 1949 da kuɗin masu sauraro zalla. Can hukuma ta ware farkon zangon FM, daga 88 zuwa 92, ga tashoshin da ba na kasuwa ba, shi ya sa mai neman baƙon kiɗa yake murɗa rediyonsa zuwa can ƙarshen hagu. Wadda ta fi suna a wannan haɗe-haɗe ita ce WFMU ta jihar New Jersey, inda kowane mai gabatarwa ke da ikon sa abin da ya ga dama, kuma duk shekara sai sun fito sun roƙi masu sauraro kuɗin gudanarwa. Kina iya jin ta a intanet.

Mu a nan mun makara. Har 1992 gwamnati kaɗai ke da rediyo a Najeriya. Dokar soja mai lamba 38 ta wannan shekara ita ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Raypower ta fara a Legas a 1994. Jami'o'i suka biyo baya, Jami'ar Legas a gaba, ga taku ICE FM nan a harabarku. Amma lasisin al'umma na ainihi sai a 2015 aka amince da rukunin farko, guda 17, alhali maƙwabtanmu Nijar da Mali sun daɗe da tashoshin ƙauye. Ki kuma riƙe wannan don jarrabawa: doka ta hana ba wa jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisin rediyo.

Kada ki ɗauka rok da kantiri ne babban aikin irin waɗannan tashoshi a ƙasarmu. Aikinsu farashin taki ne, da ranar rigakafi, da cigiyar akuya, da labarai cikin Berom ko Ngas ko Tarok. Kiɗan baƙi yana samun awa ɗaya ne da dare, lokacin da babu mai neman filin.

Malam, ni direban tirela ne, shekaruna sun haura sittin. Daga Jos zuwa Fatakwal Don Williams da Jim Reeves ne abokan tafiyata. Ɗana ya ce mini kiɗan Turawa masu ƙin baƙar fata ne. Gaskiya ne?

Alhaji, ɗanka ya riƙo wani ɓangare na gaskiya ya saki saura. Kantiri ya tashi ne a yankin da wariyar launi ta yi katutu, kuma kamfanoni sun daɗe suna raba fayafai, na farare daban na baƙaƙe daban. Lokacin da Charley Pride, ɗan manomin auduga baƙar fata daga Mississippi, ya fara fitowa a shekarun 1960, kamfaninsa ya aika waƙoƙinsa gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba, sai da aka so muryar tukuna aka ga fuskar. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi ciniki a wannan fage.

Amma ka ce wa yaron ya nemi hoton banjo na farko, abin kiɗan nan mai zagayayyen ciki da ake ji a tsohon kantiri. Ƙwarya ce da fata da sanda da tsirkiya. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙera shi a can, masu bincike suna danganta shi da akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi, yana gani zai gane dangi ne.

Lokacin da nake sayar da kaset a babbar kasuwar Taminus, kafin gobarar 2002, Don Williams ba ya kwana a kanta. Mai zuwa daga Anguwar Rogo ya saya, mai zuwa daga Anguwar Rukuba ya saya. Turancinsa a hankali yake, ana jin kowace kalma, ba ashar, zancensa gida da mata da amana. Shi ma ya san yana da jama'a a wannan nahiya, ya zo ya yi wasa a Harare a 1997. Jim Reeves kuwa tun 1964 ya rasu a haɗarin ƙaramin jirgin sama kusa da Nashville, ka ga yawancin masoyansa na nan bayan mutuwarsa suka san shi. Ka ci gaba da jin abinka, sai dai bayan biyun dare ka canza kaset, muryar Reeves tana sa barci.

Kawu, ɗana ɗan shekara sha bakwai ya kama jin wannan pank a waya, ya yage gwiwar wandonsa da gangan. Shin kiɗan 'yan ƙwaya ne?

Hajiya, akwai 'yan ƙwaya a cikinsu, wasu ma ita ta kashe su, kuma akwai waƙoƙin da ba zan so a fassara miki ba. Akwai kuma wani reshe da ya taso a birnin Washington a farkon shekarun 1980, a kewayen wata ƙungiya mai suna Minor Threat, waɗanda suka haramta wa kansu giya da taba da ƙwaya, har suna zana alamar X a bayan hannu don a san su. Ƙarar ɗaya ce, daga ɗaki ba za ki bambance ba. Ki zaunar da shi ki ce ya fassara miki waƙa biyu daga cikin waɗanda ya fi so. Yadda zai amsa zai gaya miki abin da kike son sani. Ki fi sa ido a kan abokansa da sallarsa da karatunsa. Wandon kuwa, sanyin Disamba zai yi miki maganinsa.

Kawu, ni da abokaina biyu a Bukuru muna son neman fili a wata ƙaramar tasha mu yi irin wannan shiri. Ta ina za mu fara?

Ku fara da ɗaukar shirin gwaji na rabin awa a waya, a ɗaki mai labule da katifa don kada murya ta yi amo, ku kai wa shugaban shirye-shirye. Kada ku nemi safiya ko yamma, waɗannan na masu talla ne. Ku ce a ba ku goma ko sha ɗayan dare a tsakiyar mako. Wasu tashoshin za su ce ku biya kuɗin fili ko ku kawo mai ɗaukar nauyi, ku tambaya tun farko.

Ƙa'idar NBC ta ce mafi yawan kiɗan da tasha ke sakawa ya zama na gida. Kada ku ɗauki wannan a matsayin cikas, domin mafi daɗin kayan ma a nan gida suke. Bayan yaƙin basasa samarin gabas sun kafa ƙungiyoyin rok irin su Funkees da Wings. A Legas akwai BLO, akwai Ofege, waɗanda 'yan makarantar St. Gregory's ne sa'ad da suka yi faifansu na farko a 1973, wato 'yan garejinmu ke nan. A ɓangaren jita mai sanyi ga Bongos Ikwue na Otukpo, wanda ya rera waƙar buɗe wasan kwaikwayon noman nan, Cock Crow at Dawn, da NTA ta ɗauka a Jos a farkon shekarun 1980. Ga Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang a garin nan. Idan kun leƙa waje, kafin ku tsallaka teku ku tsaya a Zambiya ku ɗauko ƙungiyar rok ta WITCH, ku tsaya a Sahara ku ɗauko Tinariwen da suka ci kyautar Grammy a 2012, da Bombino na Agadas, da Mdou Moctar, wanda jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, waƙoƙinsa kuma ta katin waya suka fara yaɗuwa daga hannu zuwa hannu. Ku sa shi bayan 'yan Ramones ku ji yadda za su zauna.

Kowace waƙar Turanci ku karanta kalmominta kafin ku saka, musamman na pank. Ashar guda ya isa a ci tasha tara, ku kuma a rufe muku ƙofa. Ku rubuta sunan kowace waƙa da mai ita a takardar shiri, saboda tasha ce ke da alhakin biyan haƙƙin mawaƙa ga ƙungiyoyi irin su MCSN, kuma da wannan takarda ake lissafi. Ku yi magana da Hausa irin ta Jos, yadda kuke yi a shago, kada ku ari muryar Amurka. Waƙar da ba ku san labarinta ba ku ajiye ta sai kun bincika. Sannan ku uku ne, to ku raba aiki: ɗaya a makirfo, ɗaya a na'ura, ɗaya a wayar masu kira. Ku zo da kayanku a filashi biyu, ku kuma tanadi abin hawan komawa Bukuru tun kafin ku shiga sitidiyo, domin ƙarfe sha biyun dare samun Keke Napep a hanyar nan sai an dace.